Inda Nake Duba

Shekara arba'in da ɗaya ina cikin Birni,
ba wanda ya taɓa tabbatar da inda nake duba.
In na ce wa mai tsire, ba ni na dala ashirin,
sai ya miƙa wa na kusa da ni.
A lakwal mushe ya tsinka mini mari
wai ina leƙen allon Illiya,
alhali ƙuda nake kallo a jikin taga.
Harara-garke.
Sunan ya bi ni har ya shafe na yanka.

Baduku ne ni.
Basilla ba ta tambayar da wane ido ka gan ta.

Ran Talata aka ce a kai yara
ɗakin shan magani na Garin Malam.
Na ɗauki Barira muka hau kabu-kabu,
shekararta uku da wata biyar,
rabin ƙosai a hannu, ta hana kowa.
Uwarta ta ce idonta lafiya lau.
Ni dai na ga abin da na gani:
in barci ya fara ɗibarta
na hagun yakan sulale
kamar akuyar da ta hango dusa a gidan maƙwabta.

Madam Falmata ba ta ɗiga magani ba,
ba ta ce a karanta baƙi ba.
Ɗan akwati ne mai fuskar talabijin,
ƙarƙashinsa ƙwayar kyamara
ƙarama kamar idon ƙadangare.
Jan tsuntsu ya fito, ya yi tsalle dama,
ya yi hagu, ya ɓuya, ya sake leƙowa.
Barira ta ƙyalƙyale, ƙosai ya faɗi.
Ita tana bin tsuntsu,
akwati yana bin idonta.

Kafin shayin mai gadi ya tafasa an gama.
Madam ta juyo mini da hoton:
zare biyu, kore da shuɗi,
sun taho tare, lafiyayyen ɗinki,
sai shuɗin ya kauce, ya dawo, ya kuma kaucewa.
Ɗinki sana'ata ce. Ban nemi fassara ba.

Ta ce, wannan ba ya yanke hukunci,
nuni kawai yake yi.
Ga takarda, ku ga likitan ido a babban asibiti.
Ƙila tabarau,
ƙila a riƙa rufe mai lafiyan
don ragon ya koyi cin guminsa.
Kun zo da wuri, ice tun yana ɗanye.

Layi ya ƙare, wuta ba ta ɗauke ba.
Na ce, Madam, babba zai iya zama?
Ta dubi agogo, ta dube ni,
ta zaɓi idon da za ta duba, kamar kowa,
ta ce zauna.

Kujerar yara, gwiwa har haɓa.
Tsuntsu ya fito, na bi shi.
Zarena biyu ko gaisawa ba su yi ba,
ɗaya ya kama hanyar Tanut, ɗaya Magarya.
Amma ta ɗora yatsa kan koren ta ce,
da wannan kake kallo,
kuma ko sau ɗaya tsuntsun bai ɓace maka ba.

Shekara arba'in da ɗaya, sai yau na sami shaida.
Na ce wani abu ya faɗa mini a ido.
Ta ce wanne?
Muka yi dariya har mai gadi ya leƙo.

Da dare na zaro guntun jar fata,
mai laushin da nake ɓoye wa manyan baƙi,
na yanka daidai tafin hannun Barira,
na shimfiɗa auduga daga ciki.
Uwarta ta ce, likita bai ce ka ɗinka ba tukuna.
Na ce na sani.
Na ci gaba da zana tsuntsu a kai.

Barira ta motsa, na kira sunanta a hankali.
Ta buɗe ido ta dube ni.
Ita kaɗai ce, in na yi mata magana,
ba ta waiwayawa
ta ga da wa nake.